Gina gida a bakin teku: abin da ɗan Kano ya kamata ya sani tun kafin a haƙa fandisho

Tunda aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar Dangote a Legas a 2023 mutanenmu na Kwari da Singa da Dawanau suka ƙara ƙaimi wajen siyan filaye a gefen Ibeju-Lekki, wasu Badagry, wasu ma har Kwatano da Lome saboda harkar kaya. Kuma kusan kowa in ya tashi gini ɗayan biyu yake yi, ko ya ɗauko filan ɗin gidansa na Nasarawa ko Rijiyar Zaki ya ce a maimaita masa shi sak, ko ya turo hoton wani gidan gilashi na Dubai ta WhatsApp ya ce injiniya irin wannan nake so. Gaskiya Alhaji duk biyun basa yi.

Gidanmu na Kano ciki yake kallo. Tun ginin ƙasa na cikin badala haka yake, bango mai kauri, taga ƴar ƙarama can sama, ka shiga zaure ka wuce soro kafin ka ga tsakar gida, kuma duk da dalili, rana muke gudu da ƙurar hunturu da idon mutane. To a bakin teku zafin ba irin namu bane. Mu a watan Afrilu muna haura digiri 40 amma iskar a bushe take, in ka rufe ɗaki mai kaurin bango sai ka samu sanyi. Can kuwa da wuya zafin ya kai haka, sai dai iskar a jiƙe take, gumi baya bushewa a jiki, ruwan saman da suke samu ya kai ninki biyu na namu, dan haka in ka rufe ɗaki kai ka dafa kanka. Abin da ke sanyaya mutum a can iska ce mai wucewa. Aikin kenan gaba ɗaya, yadda zaka buɗe gida ga iska da kallon ruwa ba tare da ka buɗe iyalinka ga ƴan kallo ba, kuma ba tare da gishiri ya cinye maka ginin ba.

Fara da filin, kuma da ƙafarka

Zuwa da kai ya fi saƙo. Kar ka sayi filin bakin ruwa a bidiyon dillali, kuma kar ka je ganinsa a watan Janairu lokacin da ko'ina ya bushe teku ta kwanta. Ka je a watan Yuni ko Yuli ana tsakiyar ruwa ka ga inda ruwa yake kwanciya da kuma ko mota zata iya shiga layin. Ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini, dan haka ka tsaya ka ga cikowarsa, ba janyewarsa kaɗai ba. Sannan ka samu masunta da dattawan ƙauyen ka tambaye su ina bakin ruwan yake shekara goma da suka wuce. In suka nuna maka can cikin ruwa suka ce ai da kwakwa a nan da, to ka san amsar.

Cin ƙasa a gaɓar Legas ba sabon abu bane. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka jera duwatsu a mashigar tashar ruwan Legas yashin da ruwa ke kawowa daga yamma ya daina isowa ɓangaren gabas, shi yasa Bar Beach ta dinga zaizayewa har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island, sai da aka zo aka yi katangar duwatsun Eko Atlantic mai tsawon sama da kilomita 8. A watan Agustan 2012 teku ta yi toroƙo a bakin ruwan Kuramo da dare ta tafi da mutane. Alpha Beach da Okun Ajah har yau suna fama, garin Ayetoro na jihar Ondo kuwa ruwa ya riga ya haɗiye babban ɓangarensa. Ba tsoratarwa nake ba, filin da ya fi kusa da ruwa shi ne ya fi kyau a hoto, shi ne kuma yake fara tafiya.

Ga kuma hukuma. A ƙa'idar tsara gine-gine ta Legas sai ka ja baya mita 150 daga teku, mita 50 daga lagun, wato tafkin nan na Legas mai haɗe da teku. Ga titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba mai kusan kilomita 700 da aka fara a 2024, wanda ya ci gine-gine har da wani ɓangare na Landmark Beach, dan haka safiyo ya ɗora maka filin a taswira ya tabbatar baya kan hanyar titin. Maganar takarda kuwa ka riƙe lauya ɗan can, ya bincika ko gwamnati ta sakar wa ƙauyen wannan ƙasar kuma ta fito a gazet, ko akwai C of O, wato takardar mallaka ta gwamnati, in akwai a nemi amincewar gwamna. Rasit ɗin omo-onile, wato ƴan asalin ƙauyen masu sayar da fili, shi kaɗai ba takarda bace. Yadda muke zuwa KNUPDA a nan, can LASPPPA ce ke bada izinin gini, LASBCA kuma ta bi aikin tana dubawa, kuma su basa wasa da rusau.

Abu na ƙarshe a nan, wa ke da filin da ke gabanka? In wani ne, wata rana zai tada bene hawa huɗu ka koma kallon tankin ruwansa.

Ƙasar gurin yashi ce, wani gurin kuma taɓo ne aka cike da yashi a sama, ka haƙa kaɗan ruwa ya ɓullo. Ba irin jar ƙasarmu bace da birkila zai duba da ido ya ce a sauka ƙafa uku. Dole a yi gwajin ƙasa, shi zai nuna ko shimfiɗar kankare guda za a yi a ƙarƙashin duk gidan, wato raf, ko kuwa sai an tura ginshiƙai can ƙasa sun tarar da guri mai ƙarfi, abin da magina ke cewa failin. Kuɗi mai yawa zai tafi a abin da ba wanda zai gani, ka shirya ma wannan tun farko kar a zo rabin aiki ka fara zargin injiniya. Kuma a ɗaga daɓen gidan sosai sama da titi, ba titin yau ba, titin da za a zo a cike a ɗaga nan gaba.

Juya gidan, rayuwa ta koma sama

Nan ne nake so mu daɗe. A Kano falo da kicin a ƙasa suke, sama ɗakunan kwana. A bakin teku juya shi zaka yi. Daga ƙasa bazaka ga komai ba sai katangarka da tudun yashi, ga sauro ga laima, in ambaliya ta zo kuma ƙasan zata fara shiga. Dan haka ƙasa ka bar ma gurin ajiye mota, sito, ɗakin maigadi, da falon baƙi maza mai ƙofarsa daban da banɗakinsa, wanda shi ne zaurenka. Falon iyali da gurin cin abinci da kicin da ɗakin maigida su hau sama. Kaga ka jefi tsuntsu biyu, baƙo ya tsaya a ƙasa bai ga kowa ba, Hajiya da yara suna sama inda iska da kallo suke.

Tsayi yana ƙara kallo fiye da yadda mutane suke zato. Mutum a tsaye a bakin ruwa baya hango abin da ya wuce kamar kilomita 5, in idonsa ya kai mita 10 a sama zai hango kusan kilomita 11, har jiragen da ke jiran shiga tasha. Shi yasa kafin mai zane ya ja layi ɗaya, a kafa sikafol ko a samo doguwar tsani ka hau daidai tsayin benen ka duba da idonka, ko a tashi ɗan jirgin ɗaukar hoto a wannan tsayin. Wani lokaci zaka ga kallon da ya fi kyau ba gaba yake ba, ta kwana yake, tsakanin gidaje biyu, sai a karkata falon ya bi shi.

Mun ci sa'a ɗaya. Gaɓar Legas da Kwatano da Lome duk kudu suke kallo, kuma iskar da ta fi kaɗawa daga kudu maso yamma take zuwa, wato inda ruwan yake nan iskar take. Kuma bangon kudu ya fi kowanne sauƙin karewa daga rana saboda a wannan yankin rana ta saman kai take bi, in rufi ya fito da kamar mita ɗaya da rabi ya gama maka aikin. Bangon yamma shi ne mugu, ranar la'asar a kwance take shigowa ba rufin da zai tare ta, dan haka can zaka tura matattakala da banɗaki da sito. Gidan kuma kar ya yi kauri, gara ya yi tsawo daga gabas zuwa yamma, kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu masu kallon juna iska ta shiga ta kudu ta fita ta arewa. Taga ɗaya komai girmanta in ba mafita iskar bata shiga.

Kar a manta alƙibla tun a takarda. Daga Legas gabas ce maso arewa, a fitar da gurin sallah, kuma a duba zaman masai kar ya fuskance ta ko ya ba ta baya, dan in mai zanen ba musulmi bane bazai tuna ba sai ka faɗa masa.

Maganar gilashi kuwa, ni dai ban goyi bayan bangon gilas daga sama har ƙasa ba. Yana tara zafi, feshin gishiri yana dusashe shi cikin ƴan kwanaki sai an bi da wanki, da dare in an kunna fitila kuma duk wanda ke bakin ruwa yana kallon cikin falonka tas, ƙarshenta labule zaka ja ka rufe abin da ka kashe kuɗi dan ka gani. Gara babbar taga guda ɗaya ko ƙofa mai zugewa a inda kallon ya fi kyau, da gilas mai kauri irin wanda in ya fashe baya tarwatsewa, sauran kuma luba ko tagogin da ake buɗewa da ragar sauro. Ɗakin kwana taga madaidaiciya ta ishe shi, a saukar da ita yadda kana kwance zaka ga ruwan.

Baranda

Barandar da muke yi a Kano ta ado ce, mita ɗaya, ba mai zama sai shanya. Can kuwa baranda ita ce ainihin falon. In bata kai faɗin mita 3 ba kar ma a fara, dan sai ta ɗauki darduma da tire da mutum shida suna cin tuwo, wani ya wuce ta bayansu bai tsallake kowa ba. A rufa mata rufi gaba ɗaya, a sa fanka. Daɓenta ya sauka kamar santimita 5 ƙasa da na falo kuma ya gangara waje, saboda ruwan can a karkace yake zuwa da iska, in daɓen ɗaya ne sai ka tashi ka tarar da kafet yana iyo. Tayil mai kaushi, ba mai sheƙin nan da muke so ba, dan ƙafa a jiƙe da yashi a kan tayil mai santsi karaya ce.

To ga inda al'adarmu ta shigo. Masu zane suna auna kallo ne da mutum a kan kujera, idonsa na kamar mita 1.2 daga ƙasa. Mu kuwa rabin zamanmu a ƙasa ne, a kan darduma idonka bai fi santimita 80 ba, in aka yi ma barandar bango mai mita ɗaya sai ka zauna kana kallon siminti. In kuma aka yi ta da gilas ko ƙarfe zalla, duk wanda ke yawo a yashi yana ganin iyalinka. Mafitar ita ce a yi ƙasan bangon a toshe kamar santimita 60 zuwa 70, a ɗora ƙarfe ko gilas a kai ya cika mita 1.1 saboda yara, sannan a yi dakali mai faɗi daga ciki ta jikin bangon falo, a shimfiɗa darduma da tum-tum a kai. Wanda ke ƙasa sama yake ɗaga kai, toshiyar nan da zurfin barandar sun tare masa, kai kuma kana kan dakali kana ganin ruwa har ƙarshensa. Gefe da gefe ta ɓangaren maƙwabta a sa bulo mai huda ko katako a jere a karkace, iska ta wuce ido bai wuce ba. Tazarar ƙarafan kar ta wuce santimita 10, kan yaro kar ya shiga, kuma a tsaye za a jera su ba a kwance ba dan kar su zama tsani.

Sannan ka tuna bakin ruwa ba naka bane kai kaɗai. Asabar da Lahadi akwai kiɗa har dare da shigar da bazaka so yaranka su saba gani ba, dan haka ka kwana a unguwar a ƙarshen mako kafin ka biya, in akwai gidan rawa kusa ka nemi wani gurin. Mutane da yawa ma gefen lagun ya fi musu, ruwan a kwance, gishirin da sauƙi, hayaniya kaɗan, sai dai sauro.

Tsakar gida kar a yar da ita. Iskar teku daɗi gare ta amma a watan Yuli da Agusta in ta dage tana gajiyar da mutum, sai kana da gurin fakewa. A yi ta a bayan gidan ta arewa inda ginin ya tare iska, amma a bar mata hanyar da iska zata ratsa ta ƙarƙashin benen, in aka kulle ta ruf kamar tamu gansakuka zata cinye bangon. Nan za a yi kicin ɗin waje na murhu da gashi, a kusurwar arewa maso gabas dan hayaƙi ya bi iska ya bar gidan, da ɗan daɓe mai magudana da famfo na yankan ragon layya. A bakin ƙofar da ake shigowa daga yashi kuma a sa famfo da gurin zama, wankin ƙafa ne kuma gurin alwala ne. Wannan ƙofar a sa mata makulli can sama inda hannun yaro baya kaiwa. Yaranmu na Kano basu iya ruwa ba, wanda ya iya ma a kududdufi ko Tiga ya koya, tekun Legas kuwa tana da jan ruwa ta ƙasa mai fizgar babba ma ta yi ciki da shi. In an yi kwamin wanka a gida shi ma a kewaye shi da nasa shingen.

Shuka, kwakwa ce sarauniya, bata toshe kallo dan ganyenta a sama yake. Itacen furut, wato almond ɗin bakin teku mai faɗin ganye, yana bada inuwa mai kyau a tsakar gida kuma yana jure gishiri. Dabino zai tsiro amma kar ka sa ran ci, laimar ta yi masa yawa. Ciyawar da ka tarar a kan tudun yashi kar ka sa a share, ita ke riƙe da yashin.

Gishiri

Wannan shi ne abokin gabar da bamu saba da shi ba. A Kano get ɗin ƙarfe zai shekara ashirin da fenti ɗaya. Can iskar kanta da gishiri take tafe, tana shiga kankare ta tarar da rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, shi yasa zaka ga dekin yana zubo da ɓawo rodi a waje. Maganinsa tun ranar zuba kankare ne. A sa biskit, wato ƴan gutsattsarin kankare da ake tokare rodi da su, mai kauri yadda kankare zai rufe rodi da santimita 5, siminti mai lamba 42.5, kar lebura su cika ruwa dan aikin ya yi musu sauƙi, a girgiza shi da inji ya zauna. Yashin teku haramun ne a kwaɓi ko da kyauta ne, haka ruwan rijiyar gurin in da gishiri, a siyo na tanka. In zaka tafi da maginanka daga Kano saboda amana ba laifi, amma su yi aiki a ƙarƙashin injiniya mai rijistar COREN, hukumar injiniyoyi ta ƙasa, wanda ya saba da ƙasar can.

Baƙin ƙarfen da muke siya a Ƙofar Ruwa mu kai ma mai walda, a bar shi a Kano. Taga da ƙofa almuniyon mai kauri ko roba, ƙarfen baranda da hinjis da makulli da ƙusa sitenles mai lamba 316, ba 304 ba, dan shi 304 ɗin yana yin ɗigo-ɗigon tsatsa a bakin teku, kuma ƴan kasuwa zasu ce maka duk ɗaya ne. Araha bata ado. Katako iroko ko tik, a yi masa maganin gara. Rufi almuniyon mai kauri, mai gangara ta ɓangare huɗu dan shi iska bata samun inda zata kama, a ɗaure katakon rufin da jikin kankare da ƙarfe ba ƙusa kaɗai ba, saboda hadarin farkon damina yana zuwa da iska mai yaye kwano. Yayin nan na ɓoye rufi a bayan bango da gwata a ciki, wallahi a gurin da ake ruwa irin na Legas neman yoyo ne. In kana son gurin shan iska a can ƙololuwa irin kwanan soro na bazara, a yi ɗan ƙarami a yi masa shafen hana ruwa mai kyau, sauran a rufa kwano.

Injin esi na waje da janareta da batiran sola duk su koma bayan gida ta arewa inda feshin baya kaiwa kai tsaye. Ruwan bohol na yankin sau da yawa ja ne mai ƙarfe ko mai ɗanɗanon gishiri, sai da injin tacewa, dan haka tara ruwan sama a babban tanki dabara ce mai kyau tunda ga shi nan a wadace. Sokawe ma ba irin namu za a haƙa ba, ruwan ƙasa yana kusa, rufaffen tanki na kankare ake yi wanda ruwa baya shiga baya fita.

Sai matsalar da ta fi damun namu mutanen, wato gidan a rufe yake yawancin shekara, maigida yana Kano sai ya zo fitar da kwantena ko yara sun samu hutu. Gidan bakin teku in aka kulle shi wata biyu zaka dawo ka tarar da fumfuna a jikin shadda da takalmin fata da katifa, ga wari. Dan haka tun a zane a bar ƙananan kafofin iska a saman bango masu raga waɗanda basa rufuwa, ƙofar wadrof ta zama mai huda, kuma kar a jingina wadrof da bangon da ruwa ke duka. Maigadi ko wanda ka bar ma amanar gidan ka rubuta masa aikinsa a takarda, ya buɗe tagogi kullum da hantsi in ba ruwa ake ba, ya wanke gilas da ƙarafan baranda da injin esi da ruwan daɗi duk sati, ya ɗiga mai a hinjis da makullai, ya tada janareta ya kunna famfuna, ya share magudanar baranda kafin damina. Fentin waje kuma ka sa shi a lissafin kowace shekara biyu zuwa uku, bangon kudu ma yakan riga sauran nema.